Ragowar Jemage

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara, irin zafin nan da in ka taka tsakar gida ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Mangwaron bayan gidanmu ya yi 'ya'ya har rassansa sun kwanto kan katanga. Jemagu ma sun dawo kamar yadda suka saba, su iso da magariba, kafin gari ya waye sun bar mana ɓarna a ƙasa. Ni ban taɓa ɗaukar su a bakin komai ba, tun da na buɗe ido nake ganin su. Sai ga 'yar cikina ta zo garin nan da mota da abokan aikinta uku, wai takanas saboda su.

Hafsatu ke nan, ta uku a 'ya'yana. Mun sa ta a makaranta muna murna za mu samu likita a gida, mai auna mana hawan jini, sai yarinya ta ɓige da bin jemagu. A wani ɗakin gwaje-gwaje take aiki a birni, inda ake binciken cututtukan da ke tasowa daga dabbobi su kama mutane. Inna, mahaifiyata, wadda na dawo nake zaune da ita tun rasuwar maigidana, tana ganin ta shigo ta fara yi mata tsiya.

"Maraba da likitar jemage. Marasa lafiyar naki ba sa zuwa sai magariba. Kafin nan zo ki duba min bayan nan."

"Ai ke Inna kin fi su wuyar sha'ani," in ji Hafsatu. "Su ba sa ɓoye magani a ƙarƙashin tabarma."

Da la'asar ina madafi ina dama kunu ta shigo ta tsuguna kusa da ni. Na tambaye ta abin da ya kawo su tsakani da Allah, don na san ba a ƙona mai daga birni don kallon jemage.

Ta ce, "Umma, akwai wata cuta da jemagu masu cin 'ya'yan itace suke ɗauke da ita. Su ba ta yi musu komai, amma a wasu ƙasashe masu nisa ta kashe mutane. Jemage zai gatsi abu ya bar yawunsa a jiki, mutum ya tsinta ya ci. Bayan kwanaki sai zazzaɓi da ciwon kai, mutum ya yi ta barci har ya daina gane nasa. Kuma har yau ba a samo mata magani ba. So muke mu gani ko namu jemagun suna da irinta. Ban ce akwai ba fa, dubawa muke yi."

Na tsaya da ludayi a hannu. Na ce, "Ragowar jemage kike nufi?"

"Ita fa."

Na ji zafin murhun ya bar jikina gaba ɗaya. Na leƙa tsakar gida, Inna tana can kan tabarma tana jan carbi. Na rage murya na ce, "Kada ki kuskura ki yi wannan maganar a gaban Inna."

"Me ya sa, Umma?"

"Don na ce."

Ba ta san komai ba, don ban taɓa ba ta labarin ba. Ta dai san an yi wani kawunta da ya rasu yana ƙarami, shi ke nan.

A garinmu kowa ya san ragowar jemage ta fi kowane mangwaro zaƙi. Jemage ba ya taɓa ɗanye. Sai ya bi bishiya ya sansano wanda ya nuna lugub, ya gatsa, ya tsotsa, ya sake shi ƙasa. Tsofaffi cewa suke ya ɗanɗana maka ne, ya hutar da kai zaɓe. Yara har dambe suke a kansa da sassafe. Ba a wanke shi, ka goge a gefen zane ka kafa baki daidai inda ya huda. In kuwa ka tsinta ka hana kanka ka ba wani, to ba ƙaramin so kake yi masa ba. A haka muka taso, a haka iyayenmu suka taso.

Shekarar da nake sha biyu damina ta yaudare mu. Ruwa ya sauka da kyau, aka yi shuka, aka yi noman fari da maimai, gero ya fara fitar da kai, sai sama ta ɗauke kamar an rufe famfo. Muna kallo gonaki suka bushe a tsaye. Abin da Baba ya girbe bai kai rabin rumbu ba. Ni ake zurawa cikin rumbun in miƙo dami saboda ba ni da jiki, don haka na riga kowa sanin halin da muke ciki. Da farko a kan damman nake tsayawa, kaina a waje. Kafin sanyi ya wuce ƙafata ta taɓa ƙasa, in na yi magana sai in ji muryata tana dawo min.

Baba ya sayar da jakinmu, ya ɗauki ƙanena Garba suka tafi birni ci-rani. Aka bar mu mu uku, Inna da ni da Auta. Kafin ya tafi ya zuba irin shuka a cikin gora, ya toshe bakin da tsumma, ya rataye a ɗakin Inna. Bai ce kada a taɓa ba, ba sai ya faɗa ba. Da rana in yunwa ta ishe ni nakan kwanta in zuba wa gorar nan ido. Inna kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ta wajen.

Auta sunansa Habu, shekararsa biyar. Ga kai, ga ciki, ga 'yan ƙafafu kamar sillen kara, ga surutu ba ya ƙarewa. Ni ce 'yar fari, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". Ba ta yaba min a gaban mutane, ba ta jawo ni jikinta. Duk abin da al'ada ta hana ta nuna min, a kan Auta ta juye shi. Ban ji haushi ba, don ni ma a kansa na juye nawa. A bayana ya girma, har yau akwai wajen da ke min ciwo a kafaɗa in na tuna nauyinsa.

A cikin wannan halin azumi ya kama, kuma shi ne na farko da na ɗaura niyyar yi cikakke. Maƙwabciyarmu ta yi dariya ta ce bana kam azumi bai zo da sabon abu ba, da ma muna yi, lada ne kawai aka ƙara mana. Da sahur mu sha ruwan dusa da aka tace aka jefa wa kanwa. In an idar da sallar asuba, gari ya fara haske, sai in ɗauki ƙwarya in zagaya gindin mangwaro. Kakanmu ne ya dasa shi kusa da tsohuwar rijiya, shi ya sa a shekarar da komai ya ƙone shi ya tsaya kore, ya kuma yi 'ya'ya kamar ya san da mu. Daga can in wuce rijiya da tulu. Ruwa ya yi ƙasa sosai, ka zura guga har igiya ta ƙare, ka jawo ka samu rabi laka. Mata da 'yan mata mu yi layi, kowa ta jira ruwan ya taru, ba mai ƙarfin faɗa ma. In na kawo sai Inna ta ajiye shi ya kwanta kafin a tace.

Da hantsi kuma taki. Tun da ba jaki, a ka muke kai shi gona cikin kwando, ni da 'ya'yan maƙwabta, yau gonarmu gobe tasu. A wajenmu gona ba ta hutawa, gidaje sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, in ba ka ba ta taki ba ba za ta ba ka komai ba. Mazan da ba su tafi ci-rani ba suka haɗu suka share wa Baba gona, suka ƙona kararen, ba wanda ya nemi ko ruwan sha tun da kowa da azumi a bakinsa. Kafin azahar iska ta zama kamar hucin tanda. Sai Inna ta yayyafa ɗan ruwan wanke-wanke a ƙasan ɗaki mu kwanta a kai ba tabarma, ita kuma ta jingina da bango tana saƙar faifai. Leɓena ya tsage, in na haɗiyi yawu sai in ji kamar ƙaya. Da yamma a dafa busasshiyar tafasa, a murmusa mata ƙuli-ƙuli guda ɗaya, a dama kunun tsamiya wanda kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa.

Mangwaron nan shi ya riƙe mu. Abin da na tsinto da safe kashi biyu nake yi. Waɗanda iska ta kaɗo, lafiyayyu, a ajiye su a inuwar randa sai buɗa baki. Ragowar jemage kuwa ba ta kai wa yamma, kafin azahar ƙudaje da tururuwa sun gama da ita. Wanda ba ya azumi a gidan shi kaɗai ne, don haka duk tasa ce. Inna da kanta ta ce, "Ke, ba shi ya sha, kada ta lalace."

Shi ma fa wai azumi yake. Ya tashi sahur tare da mu, ya sha ruwan dusarsa, ya sanar da kowa cewa yau sai magariba. Azumin nasa yakan kai daidai lokacin da zan dawo da ƙwarya. Zan tarar da shi a bakin ƙofar baya ya sunkuya, kai a ƙasa, yana leƙo ni ta tsakanin ƙafafunsa, wai shi jemage ne.

"Yaya, ya bar min?"

"Wa?"

"Abokina."

"Ya bar maka uku. Ya ce a gaishe ka."

Sai ya zauna a dokin ƙofa ya tsotse su tas, ruwan yana bin gwiwar hannunsa, har ƙwallon sai ya mayar da shi fari. Ni kuma in tsaya ina kallo, ƙanshin yana hawa kaina, hannuna duk danƙon zaƙi. Allah ya sani na sha kai yatsa kusa da baki. Amma ban taɓa lasa ba, ko sau ɗaya. In je in wanke da ƙasa da ɗan ruwa, ina jin kaina wata babbar mace. Ban taɓa jin daɗin yunwa ba sai a wannan lokacin, in ina kallon sa yana sha.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Na fita da wuri, ban gama shiga ƙarƙashin bishiyar ba sai na ji fuka-fuki a saman kaina, wani abu ya faɗo tim a gabana. Wani makararren jemage ne bai tafi da 'yan uwansa ba. Mangwaron ƙato ne, jawur, inda ya gatsa ko bushewa bai yi ba. Ban ma sa shi a ƙwarya ba, a hannu na kawo shi da gudu. Na ce wa Auta yau abokinsa hannu da hannu ya ba ni. Ya yi ta tsalle, ya kai wa Inna ta gani kafin ya sha.

Ba zan ce kwana nawa ne tsakani ba, ya fi mako dai. Wata rana na dawo da ƙwarya ban same shi a bakin ƙofa ba. Yana ɗaki a kwance, ya ce kansa ne ke sara. Jikinsa ya yi zafi har kana jin sa kafin ka taɓa. Inna ta jiƙa tsumma da ruwan da muka ajiye na buɗa baki tana goga masa. Aka karɓo rubutu wajen malam, aka yi hayaƙi, aka jiƙa saiwoyi. A rana ta uku surutun nan ya ɗauke, sai barci. In ka tashe shi ya buɗe ido ya kalle ka kamar baƙo. Na kawo masa ragowar jemage har kan tabarma, na ce abokinsa yana tambayar sa. Bai ko juyo ba.

A rana ta huɗu na ga abin da ban taɓa zato ba. Inna ta taka turmi ta sauko da gorar iri. Ta zare tsumman, ta ɗebi tafi biyu, ta surfa, ta daka, ta dama masa kunu na gaske, fari, mai kauri. Ƙanshin gero ya cika gidan, ƙanshin da muka yi watanni ba mu ji ba. Ta ɗora kansa a cinyarta tana ba shi da ludayi, yana zubowa ta gefen baki, tana mayarwa, yana zubowa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce, "Habu, na gero ne fa. Ka sha ko kaɗan."

Asibiti sai Bici, mota kuma ba ta biyowa ta wajenmu sai ranar kasuwa. Wani maƙwabcinmu ya ce gobe da sassafe zai kai su bakin titi a keke. Ba a kai goben ba. Auta ya cika bayan azahar, kafin la'asar sakaliya an kai shi. Mutane suka ce sanƙarau ne, ciwon zafi, da ma yakan ɗauki yara a irin wannan lokacin. Muka ce haka Allah ya so.

Kwana biyu da binne shi hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta taso, sama ta yi baƙi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Gari duka aka fito, yara suna ihu cikin ruwa, mata suna tara tukwane a bakin indararo. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki ina tunanin ruwan yana sauka a kansa, shi da ba ya son a jiƙa masa kai. Har yau in aka yi ruwan fari kowa yana murna, ni sai na nemi wajen zama. Baba da Garba suka iso washegari don shuka, a bakin gari aka tare su da labari. Muka shuka abin da ya rage a gorar, muna jefa ƙwaya uku inda aka saba jefa biyar.

Ana gama kwana ukun zaman makoki na ɗauki ƙwaryata da asuba, don yunwa ba ta tafi ba. Ban kai ƙofar baya ba Inna ta sha gabana. Ta karɓe ƙwaryar daga hannuna.

"Ke, daga yau kin bar gindin bishiyar nan."

Ta juya ta shige ɗaki da ƙwaryar. Na zagaya bayan rumbu na yi kuka mai isata. A raina na ce ganina da ƙwaryar ne ba ta so, yana tuna mata da shi. Daga ranar ita ta karɓi aikin, amma ba tsinta take ba. Sai ta share gindin bishiyar tas, ta tona rami a jikin katanga, ta zuba duk abin da ya kwana a ƙasa, ta rufe. Wanda za a sha sai ta sa doguwar sanda ta tsinko daga sama, ta duba shi ciki da bai, ta wanke. Baba ya yi faɗa, ya ce a shekarar yunwa wane mai hankali ne yake binne abinci. Ta ce ƙudaje ne ba ta so. Ya gaji ya ƙyale ta.

Shekara kusan arba'in ke nan, duk lokacin mangwaro Inna tana riga kowa tashi. Na yi aure na tafi, na haihu, na dawo, tsintsiyar nan ba ta fasa ba. 'Ya'yan Garba da jikokinsa sun yi mita har sun gaji, sun sa mata suna Inna mai jana'izar mangwaro. Ni ma na sha ce mata ta hutar da bayanta. Duk a zatona baƙin ciki ne ya zame mata ɗabi'a. Kuma ko da na girma na yi furfura, ban taɓa sake taka gindin bishiyar ba. Ba ta ɗage dokar ba, ni kuma ban tambaya ba.

To ka ji abin da ya sa maganar Hafsatu ta tsaya min a ƙirji. Ranar ko kunun kirki ban iya sha ba. Ina ganin mangwaron nan jawur a tafin hannuna. Amma abin da ya fi damuna Inna ce. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, a ce mata abin da ta ce a ba ɗanta don ƙauna wataƙila shi ya tafi da shi? Na ce ni dai in ɗauka, ita ta ƙarasa kwananta ba ta sani ba.

Sai Hafsatu ta zo da wata matsalar. Suna so a bar musu gindin bishiyar kwana ɗaya ba shara, za su shimfiɗa leda tun yamma su kwashi abin da ya zubo da safe. Wa zai hana Inna shara ba dalili? Ni na je, da azumi a bakina, na shirga mata ƙarya. Na ce kashin jemagen suke so su auna, ko zai yi taki. Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce, "To."

Gari na wayewa suka fito cikin fararen riguna har ƙasa, da takunkumi da safar hannu. Yaran unguwa suka hau katanga suna dariya. Inna ta sa aka kai mata kujera 'yar tsugunno bakin ƙofar baya, daidai inda Auta yake zama, ta ɗora tsintsiya a cinya tana kallo. Suka ɗebi kashin da ruwan da ya taru a leda cikin 'yan kwalabe. Sannan Hafsatu ta riƙa ɗaga ragowar jemage ɗaya bayan ɗaya, tana goga wani ɗan tsinke mai auduga daidai inda aka gatsa, ta jefa a kwalba, ta rubuta, a sa a akwatin ƙanƙara. Ina daga madafi ina kallon Inna, Inna tana kallon hannun Hafsatu.

Sai da aka sha ruwa Inna ta tayar da maganar. Mun idar da magariba muna zaune mu uku a tabarma, jemagu sun fara wucewa ta saman gida.

"Likitar jemage, matso nan," in ji Inna. "Na kai taki gona kafin a haifi uwarki, ban taɓa ganin an sa masa safar hannu ba. Me kuke nema a bakin mangwaron?"

Na yi gyaran murya, na zare wa Hafsatu ido.

"Ke, daina harararta," Inna ta ce, ba ta ko juyo ba.

Hafsatu ta dube ni, ta dubi kakarta, sannan ta faɗa mata duka, kamar yadda ta faɗa min. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Inna ta murza carbi. Sannan ta buɗe baki.

"Ashe dai akwai masu wannan tunanin ban da ni."

Hafsatu ta ce, "Wane tunani, Inna?"

"Kawunki Habu. Da aka ɗauke shi na zauna na bi abin da ya shiga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Rijiya ɗaya muka sha. Tafasa ɗaya, kunu ɗaya, ɗaki ɗaya muka kwana. Mu biyu ko ciwon kai ba mu yi ba. Abu ɗaya ne tak ya ci mu ba mu ci ba."

Hafsatu ta saki baki. Ta ce, "Inna, ai tambayar da ake koya mana mu yi ke nan. Me ya sa ba ki taɓa faɗa wa kowa ba?"

"In ce me? In ce mangwaro ya kashe min ɗa, a ce baƙin ciki ya taɓa min kai?" Ta ɗan tsaya. "Kuma akwai mai tsinto masa. Yarinya ce, azuminta na fari. Ina kallon ta ta ƙofar ɗaki, hannunta sharkaf da zaƙi, ko yatsa ba ta lasa ba, duk shi take kawo wa. Ni na ce ta ba shi. Amma in na furta, ba wannan za ta riƙe ba, cewa za ta yi hannunta ne. Da wane kai za ta ɗauki wannan? Na ce gara ta yi fushi da ni a kan ƙwarya."

Duk wannan maganar Hafsatu take kallo, kamar ba na wajen. Ni kuwa hawaye ya riga ya jiƙa min gaban riga. Kwana biyu na yi ina ɓoye mata abu har da ƙarya, ina ganin na yi namijin ƙoƙari. Ita ta yi shekara arba'in tana ɓoye min shi, da tsintsiya a hannu.

Hafsatu ta kama hannun kakarta. Ta ce, "Wallahi Inna ba wanda zai iya ce miki shi ne. Ko mun samu cutar a jikin jemagun nan, ba zai nuna abin da ya faru a wancan lokacin ba. Ta yiwu sanƙarau ɗin ne da gaske, kamanninsu ɗaya."

"Ni ma ban ce shi ne ba," in ji Inna. "Kwanansa ne ya ƙare. Amma tun da ban sani ba, ai shara ba ta gagare ni ba."

Hafsatu ta roƙi izini ta rubuta labarin a littafinta, ba suna. Inna ta ce ta rubuta, amma ta sa cewa yaron yana da wayo. Washegari suka wuce wajen garin Kunci da akwatinsu. Na kira ta daga baya, ta ce aikin yana ɗaukar lokaci, har yanzu ba abin da za ta iya faɗa. Na ce ba komai, mu dai mun riga mun ji namu.

Safiyar da suka tafi, bayan sallah, ina naɗe darduma na ji muryar Inna daga ƙofar baya.

"Ke."

Na fito. Tana tsaye da tsintsiya, ga safar hannu guda biyu da Hafsatu ta bar mata, ta miƙo min.

"Bayan nan ya hana ni sunkuyo. Ni zan share, ke ki kwashe."

Na sa safar, na bi ta. Da na zo bakin inuwar na ɗan dakata, sannan na shiga. Ƙanshin yana nan yadda na bar shi. Ta tara, ina kwashewa ina kai wa rami. Can a jikin saiwa na ga wani, ƙato, jawur, inda aka gatsa bai bushe ba. Na ɗauka na riƙe, na kasa gaba na kasa baya. Ba abin da nake ji sai "Yaya, ya bar min?" Inna ta daina shara. Ba ta ce in yi sauri ba, ta tsaya har sai da na kai shi ramin da kaina, sannan ta tura ƙasa da ƙafarta.

Da za mu koma cikin gida sai ta ɗora hannu a kafaɗata, ta ce gwiwarta ce ke ciwo. Na san gwiwar Inna lafiyarta ƙalau, baya ne ke damun ta. Sai na rage sauri.